An Share Yashi, Kada a Taka

Jama'a, ranar Asabar na kai iyalina teku, mun dawo lafiya, kuma zan fara da yi wa hukuma godiya, don ban taɓa ganin teku mai tsari irin wannan ba.

Mu mutanen kan tudu ne. Abin kunya ne a ce mutum ɗan Fiji ne, ruwa ya kewaye ƙasarsa ta ko'ina, amma 'yarsa ba ta taɓa tsoma ƙafa a teku ba. To haka Unaisi take, autata 'yar shekara huɗu. Tun da yayanta Waisake ya je da 'yan makarantarsu ya dawo yana yi mata fankama, yarinyar nan ba ta bar ni na sha shayi da daɗin rai ba. A gaban uwarta na yi mata alkawari cewa hutun nan za ta shiga.

Salanieta, matata, ta dafa gwaza da rogo, muka hau babbar motar ƙauyenmu. Direba ya ja mana kunne cewa da la'asar zai juya, don dole ya tsallake kogi da sauran haske. Gadar kogin nan kuwa, kun sani, tun ina saurayi ake shirin fara tunanin gina ta.

Muka sauka. Ga teku har iyakar gani, ga kuma igiya an ja daga wannan bishiyar kwakwa zuwa waccan. A bayan igiyar an share yashi tas, an ja masa layi-layi da manjagara kamar kan da aka yi wa kitso. Wani jami'i mai riga mai furanni ya tare mu.

"Maigida, ina zuwa?"

"Teku," na ce, na nuna masa da hannu, ko bai lura da shi ba.

"An rufe. Mai Girma zai zo buɗe Ranar Yara a Bakin Teku."

"Madalla! Ga yaran ma na kawo."

"Ai shi ya sa. Yara ne ke ɓata yashi."

Na duba fuskarsa, wallahi ba wasa yake ba.

Muka zauna a inuwa da sauran iyalai, muka cinye gwazar da aka tanada don bayan wanka. Mai Girma, Uban Almakashi, Allah ya ƙara masa wuraren buɗewa, bai iso ba sai da rana ta karkata. Aka shimfiɗa tabarmi, aka fara dama masa yangona, abin shan gargajiya da muke tarbar manya da shi, kuma kowa ya san dokar: ana wannan ba a tsayuwa, ba a surutu, yaro ko tari ba ya yi. Unaisi na kan cinyata da ɗan bokitinta na roba, tana raɗa mini, "Baba, yanzu?" Ina ce mata saura kaɗan.

Sai jawabi. Ya ce duk yaron da bai san teku ba an cuce shi. Aka tafa, har da ni. Salanieta ta zungure ni: "Kai ma tafawa kake? Ai da 'yarka yake."

Da aka yanka zaren buɗe taro na miƙe, Unaisi ta zabura. Jami'in ya ce a dakata tukuna, hoto za a yi, ana neman ƙaramar yarinya. Ya nuna tawa. Raina ya yi fari ƙal. Mai Girma ya cire takalmi, wani ya riƙe masa, ya ɗauke ta ya shiga ruwa zuwa idon sawu. Ta miƙa ƙafa ƙasa tana wutsil-wutsil, saura ƙiris ta taɓa. Sai ya ƙara ɗaga ta sama, kada ta fantsama masa ruwa a zanensa na gargajiya da ya sha guga. Aka yi hoto, ya fito, ya miƙo mini ita a bushe kamar yadda ya karɓa. Mutum mai amana.

"To yanzu fa?" na tambayi jami'in.

"Sai ayari ya tashi, saboda tsaro."

Ayari kuwa ya zauna cin abinci. Suna cikin ci muka ji hon ɗin motarmu.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Unaisi ta yi ta kuka har barci ya ɗauke ta a hanya, ni kuwa na kasa haɗa ido da uwarta.

Ranar Litinin sai ga maƙwabcina Ilaitia da jarida, yana washe baki. "Mutumina, kun zama manya! Ga 'yarka a shafin farko." A ƙarƙashin hoton an rubuta wai yaran kan tudu sun sha iyo sun more. Unaisi ta leƙo ta daɗe tana kallo.

"Baba, ashe na shiga?"

Na ce tunda jarida ta faɗa, to kin shiga.

"To ruwan da sanyi ko da ɗumi?"

Wannan tambayar na bar wa Mai Girma. Shi ne ya ji yadda yake.