Ranar Da Na Datse Munduwar Surukata

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Sau uku ina rubutawa ina yagewa (karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron a yi mini dariya, ko da yake an riga an gama yi). Amma ranar ta ƙi fita daga kaina, kuma akwai abin da nake nema wurinku.

Sana'ata gyaran injin ban ruwa ce a Kalgo. Matata Hajo 'yar Fulanin Dalijan ce, can ƙasar Gwandu. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ban taɓa kallon fuskar mahaifiyarta ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, ita kuma ta ja mayafi ta amsa tana kallon bango. Da yake kullum kaina a sunkuye yake, hannunta kawai na sani, da munduwar tagulla da ke wuyansa. Ta kakarta ce. Tun tana budurwa aka sa mata, hannun ya yi kauri, munduwar ta daina fita.

Bara bayan girbi Inna, surukar tawa, ta faɗi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafa suka daina aiki, magana ta ɗauke. Bayan mako biyu aka dawo da ita gida.

Ni kuwa ba na iya barin abu ya kwanta. Na je wurin maƙwabcina Malam Shehu mai kemis, na ce ya gaya mini abin da ke faruwa a kan mutum in wannan ciwo ya kama shi. Ya duba wayarsa ya ce masu bincike na zargin cewa idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, tagulla kan taru a cikin ƙananan ƙwayoyin wurin, ta yi yawa, ta kashe su.

"Tagulla dai wadda munka sani?"

"Ita fa," in ji shi. Sai wata mata ta shigo da takardar magani, ya juya wurinta. Ni kuma na fita.

Wane hannu ne ya mutu? Na dama. Ina munduwar take? A na dama. Kuma na sha ganin wani koren tabo a fatar da ke ƙarƙashinta. Ku gaya mini, wane mai hankali ne zai haɗa waɗannan ya ci abinci? Na faɗa wa Hajo, ta ce, "Maigida, don Allah ka bar Inna da abinta." Kwana uku ina ganin duk sa'ar da na yi shiru tagulla na ƙara shiga, kuma in ta rasu da hannuna a ciki.

Ranar Juma'a da la'asar na hau babur sai Dalijan, babbar filayata ta datse ƙarfe a aljihu. Ɗakin cike yake da mata 'yan dubiya. Na yi sallama, maimakon in tsaya a inda na saba sai na ƙetare tabarma. Na ce, "Inna, ki gafarce ni," na kama hannunta (ni, hannun surukata!) na datse munduwar. Sai da na matsa sau biyu. Munduwar ta faɗa cikin kwanon fura.

Na ɗaga kai don in yi bayani, shi ne karo na farko da muka haɗa ido da Inna. Ta sa hannun hagu, a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Goggo Dije, ƙanwarta, ita ta fara farfaɗowa. "Subahanallahi! Kai wanga yaro, ko bari ta cika ba ka yi ba, har ka fara rabon gado?"

"Goggo, tagulla ce ke kashe ƙwaƙwalwa…"

"Taka ta kashe! Bello! Zo ka ga mijin ƙanwarka, ya ɗauki uwarka injin ruwa!"

Bello bai zage ni ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ya raka ni har babur, ya ce kada in sake taka gidan sai munduwar ta koma yadda take.

Washegari na dira kemis a fusace. Malam Shehu ya yi dariya har da riƙe kantar shagonsa. Wai tagullar da ake nufi ɗan mitsitsin abu ne da ke cikin jikin kowa, daga abinci ake samunsa, irin su wake da gyaɗa da hanta, kuma jiki na buƙatarsa. Wai maganar ma har yanzu bincike ce, yawanci a kan ɓeraye. Koren tabon kuwa gumi ne ya haɗu da ƙarfe, sabulu na wanke shi.

"To mi ya hana ka faɗi haka tun farko?"

"Ka tsaya ne?"

Har yau wannan amsa na ƙona mini rai. Mutum ya san halina, ya san ko gishiri aka ce yana da illa sai na zubar da na gida, amma ya miƙa mini rabin magana ya juya baya! Na yarda da nawa laifin. Yanzu in mai ilimi ya fara bayani, zama nake yi har ya gama, kuma ina barin filaya a shago.

Maƙera biyu na kai wa a Gwandu, duk sun ce haɗin zai nuna, ni kuma ba zan iya mayar mata da ita da tabo ba. Don Allah, duk wanda ya san maƙerin da ke haɗa tsohuwar tagulla ba a gane wurin, ko a Birnin Kebbi ko a Sakkwato, ya sanar da ni ta wannan shafi. Ina roƙon a hanzarta. Inna ta fara samun sauƙi, kuma Hajo ta ce kullum da safe sai ta kai hannun hagu tana laluben wuyan na dama.