Ranar Da Na Yi Rawar Haka A Lyon

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Faransa ta karɓi baƙuncin gasar rugbi ta duniya, domin a shekarar ne bakina ya ja mini abin da ya fi ƙarfina. Lokacin ina aikin gwaji a wani kamfanin gine-gine a Paris, ina kwana a wani ɗan ɗaki a unguwar Belleville, ina addu'ar a ɗauke ni aikin dindindin kafin takarduna su ƙare.

Patron ɗinmu, wato maigidanmu a wurin aiki, Mushe Bernard, mutumin kudancin Faransa ne, rugbi kuwa kamar addininsa. Kullum sai ya ba mu labarin yadda wani ɗan makaranta a Ingila ya sunkuci ƙwallo da hannu ya ruga, wasan ya samo asali. Ni kuwa ina gyaɗa kai, alhali har yau ban gane dalilin da ƙarti za su nufi gaba suna jefa ƙwallo baya ba.

Wata rana muna shan kafe a biro, wato ofis, ya tambaye ni ko na san "haka". (Ashe sunan rawar yaƙin da 'yan wasan New Zealand suke yi ne kafin a fara wasa.) Ni da na ji kalmar gidanmu a bakin Bature, sai na washe baki na ce, "Haka? Ai mu a Damagaram da ita muka tashi, yaro da babba!" Idonsa ya yi haske. Da dare na bincika a waya na gane ɓarnar da na yi. Maimakon in gyara washegari, sai na bar zancen yadda yake, don a karon farko patron ya riƙe sunana.

Bayan 'yan makonni kamfani ya kwashe mu a jirgin ƙasa zuwa Lyon, mu ci abinci da ma'aikatan reshen can, sannan mu wuce kallon wasan New Zealand. Ana tsakiyar cin abinci Mushe Bernard ya ƙwanƙwasa kofi da cokali ya ce, "Yaronmu na Nijar zai yi mana haka!" Tafi ya kaure.

Na miƙe. Na ce a raina, tunda ba mai jin Hausa a nan, komai na faɗa ya yi. Na ware ƙafafu, na zazzaro ido, na dinga dukan cinya da ƙirji ina kururuwa: "Tuwon dawa! Miyar kuka! Kilishi! Dambun zogale! Ƙosai da yaji!" Na rufe da zaro harshe har haɓa. Turawa suka tashi tsaye suna ihu, wasu har suna maimaita "kilishi" da ƙarfi.

Ina haki ina karɓar gaisuwa, sai wata dattijuwa mai tabarau da ɗankwali ta taso daga teburin manya. Patron ya gabatar da ita: Madam Rabi, shugabar injiniyoyin reshen Lyon, wadda ra'ayinta ake nema kafin a ɗauki kowa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce cikin Hausar Maraɗi tsantsa, "Sannu ɗana. Hala yunwa kake ji? Ka ko manta da fura."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina wuni, Hajiya."

"Me ta ce maka?" in ji patron.

"Na ce ya yi ƙoƙari," ta amsa masa da Faransanci, ko murmushi babu.

Da yamma a filin wasa na ga ainihin abin. Dubban mutane suka yi tsit, 'yan wasan suna kiran kakanninsu da gaske, tsikar jikina na tashi. Na nutse cikin kujera. Hajiya tana layin gabana, kafaɗunta kawai nake gani suna girgiza don dariya.

Aikin dai na samu, ta rufa mini asiri. Sai dai duk taron da za mu yi ta bidiyo, sai ta fara da tambayata ko na karya kumallo.

Tun ranar na koyi cewa "ban sani ba" ba ta taɓa kashe kowa ba. Kuma in za ka yi shirme da Hausa, ko a ƙarshen duniya kake, ka fara leƙa kowane teburi tukuna.