Akwatin da Ya Dawo da Muryar Baba

"Lafiya lau na kwana, ba don kai ba. Mijin da sai rana ta take yake leƙo matarsa, ai baƙo ne."

"To uwargida, ni da na ɗauka zan tarar kin ci ado. Yau ma zanen jiya ne?"

Innata ke nan da ɗana. Sunan mahaifina aka sa masa, shi ya sa ba ta taɓa kama sunansa ba, Maigida take ce masa tun yana goye. Shi kuwa Baba, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya ɓarawon mata yake kiransa, kullum suna takara a kan Inna.

Yaron ya dire akwatunan gem ɗinsa biyu a gaban talabijin, baƙi tsoho da fari sabo. Aiki ya samu a wani gari, jibi zai tafi. Bidiyon Baba guda ɗaya gare mu, wanda aka ɗauka da tsohuwar kyamara yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran rediyo. Yanar ido ta rage wa Inna gani, a waya ba ta gane komai sai a talabijin, talabijin ɗin kuma ba shi da wurin sa filashi, sai an bi ta akwatin gem. Ni dai na rasa yadda abin harbe-harben yara ya zama shi ne hanyarmu ta ganin Baba.

"Wancan makon bebe ka kawo mini," in ji Inna. "Mutumin da in ya yi tari maƙwabta ke ce masa sannu. Hassada ce ta sa ka toshe masa baki."

"Laifin kyamararsa ne. Irin bidiyon da take ɗauka, AVI, ya tsufa kamar mai ita. Baƙin akwatin ya karɓi hoton ya ƙi muryar, farin kuwa ko sallama bai amsa masa ba."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Shi ya sa har yau ban sake ki ba."

"Ka sake ni ka ga layin manema. Kai da gemunka bai kai na ɗan akuya ba!"

"Manema da sanduna? Kafin su ƙaraso ƙofar gida an yi la'asar. Kuma me kike so da murya, Tsohuwa? Ai gani ya kori ji."

"Wanda ya faɗi haka idonsa garau yake." Ta murza bakin zanenta. "Fuskarsa tana nan a raina. Muryar ce in na laluba ba na samu. Akwai inda ya juya wajen ƙofa yana magana, na kwana ina tunanin me yake cewa."

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Yaron ya sunkuyar da kai yana warware wayoyin da ba su harɗe ba.

"Na juya shi a kwamfuta kala-kala," ya ce. "Wannan MKV ne."

Baƙin akwatin ya rubuto wani abu a talabijin, ya ƙi buɗewa.

"Me ya ce?"

"Ya ce bai san shi ba."

"Bai san mai gidan nan ba? Wa ya ja wutar da yake sha? Marar kunya, halin mai shi ya ɗauko."

"Farin zai karɓa, amma shi tafiya zan yi da shi. Wanda duka biyun za su yarda da shi nake nema, in bar miki baƙin. Ku tsofaffi ku riƙe juna."

Ya buɗe na MP4. Sai ga Baba da tabarau a karan hanci, sai kuma ga tarinsa ya cika falon. Inna ta dafe ƙirji. Ya soma yi wa rediyon faɗa, ya ɗago, ya juya wajen ƙofa. A nan baƙin akwatin ya ɗauki kuka da fankarsa, ya yi zafi, ya mutu ɗif.

"Ka gani! Da gangan ka yi!"

"Wallahi Kaka, tsufa ne. In ya ɗan yi aiki sai ya kwanta, kamar wata da na sani."

Ya zare filashin ya sa a farin, ya danna. Muka sake wuce tarin da faɗan rediyo. Baba ya juya wajen ƙofa.

"Ke, fito mana a ɗauke mu tare."

Daga can cikin kicin muryar Inna ta amsa, da ƙarfinta na da: "A gaban yara? Ina aiki, sai wani jiƙon."

"Fito dai, kafin ɓarawon nan ya riga ni." Ya yi dariya, ya zuba wa ƙofar ido yana jira. Ba ta fito ba har bidiyon ya ƙare.

"Na'am," in ji Inna a hankali, tana kallon talabijin. "Na'am, Malam." Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. "Wai kunyar me na ji?"

Ni ma kukan nake yi. Hotonsu tare ko ɗaya ba mu da shi.

Yaron ya tashi ya cusa baƙin akwatin a jakarsa. Ya yanko filasta ya manna a kan maɓalli ɗaya na rimot ɗin farin, ya kama yatsanta ya ɗora a kai.

"Nan za ki danna. Ko ba ki gani ba, za ki ji shi da hannu."

"Farin fa? Ba shi ne ranka ba? Har ƙura ba ka bari ta hau shi."

"Na sakar masa ke, Tsohuwa. Tun ina rarrafe muke takara, yau ya shigo cikin akwatina ya kayar da ni. Ki riƙe wannan, kada a ce na sallame ki hannu rabbana."

Inna ta yi dariya da hawayen a fuska, ta kai masa duka a kafaɗa.

"Da ma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Allah ya yi maka albarka, Maigida." Ta lalubi filastar da yatsa, ta danna da kanta. "Yanzu ka rufe mini baki, mijina na kira na."