Ilu da Maganin Danshi

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Ilu Mai Jaka. Sau ɗaya tak ya taɓa hawa jirgi, lokacin da ya raka maigidansa ƙasar Sin sarin jakunkunan mata. Kwana goma sha biyu suka yi. Amma in ka ji Ilu yana labari, sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya.

Abin da ya faru a can ba wani abu ba ne. Mura ce ta kwantar da shi, tafintansu ya kai shi wani ɗan shago wajen wani tsoho. Tsohon ya riƙe masa wuyan hannu, ya leƙa harshensa, ya yi 'yan maganganu. Tafinta ya ce a likitancinsu na gargajiya, iska da sanyi da zafi da danshi suna shiga jiki su haddasa cuta. Shi ke nan. Da wannan Ilu ya dawo gida likita.

Kullum bayan la'asar yana teburin Sale mai shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Gambo wanzami ya ce kansa na sarawa, jiya dama, yau hagu.

"Iska ce!" in ji Ilu. "Ta ƙeya take shiga, ba ta zama wuri guda. Da sanyi ne, da ka ji jijiya ta ɗaure tamau. Naɗa rawani."

Ya juya kan mai shayi. "Sale, dubi idonka jawur. Zafi ya yi maka yawa. Fito da harshe."

"Hayaƙin itace ne, Malam Ilu."

"Haka duk masu zafi suke gardama. Ita ma alama ce."

Ana cikin marka, ruwa ba dare ba rana, sai ciwon gwiwa ya kama Mai Unguwa Maikano. Ilu na ji ya ɗauki hula. A gida yana da wasu 'yan ƙulle-ƙulle farare, masu tsaba a ciki da rubutun Sin a jiki, waɗanda ya tsinto cikin sababbin jakunkuna. Ya taɓa tambayar tafinta, ya ce masa danshi suke tsotsewa. To, in suna tsotse na jaka, me zai hana su tsotse na gwiwa? Haka Ilu ya lissafa.

Ya durƙusa a zaure, ya riƙe wuyan hannun Mai Unguwa, ya lumshe ido kamar mai sauraron rediyo.

"Ranka ya daɗe, ƙafar tana yi maka nauyi kamar an ɗaura mata turmi?"

"Kamar a jikinka, Ilu."

"Danshi ne. Shi nauyi gare shi, ƙasa yake gangarawa ya kwanta a gaɓoɓi." Ya zaro ƙulli ɗaya, ya girgiza shi kacau-kacau. "Wannan wani tsoho ne ya ba ni a kan dutse, shekararsa ɗari da ashirin. Kwana uku ina hawa kafin na iske shi. Sarakunansu kaɗai ake ɗaura wa."

Aka ɗaura da tsumma, kowace gwiwa ɗaya.

Bayan sati biyu ruwa ya ɗan tsagaita, rana ta fito, gwiwa ta yi sauƙi. Mai Unguwa ya taka har masallaci ba sanda. Wayyo, zo ka ga Ilu! Tafiyarsa ma ta sauya. Dutsen ya ƙara tsawo, ya koma hawan kwana bakwai. Gambo ya ɗaura ƙulli a ƙeya, ladan ya ɗaura a ƙugu. Mai Unguwa kuwa ya ce ranar Juma'a zai naɗa shi Sarkin Maganin unguwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, zaure ya cika maƙil, takalma jibge a ƙofa. Ilu ya sha shadda mai ƙara, yana zaune dab da Mai Unguwa, ga rawani a faranti. Zuciyarsa fes.

Sai ga Ramlatu, 'yar Mai Unguwa, ta shigo da kwali a hannu. Shekaranjiya ta sauka daga ƙasar Sin, inda ta shekara biyar tana karatun haɗa magunguna. Ilu bai da labari. Ta durƙusa ta gai da dattawa.

"Ga ɗan garinku nan," in ji mahaifinta. "Ku gaisa da yarenku mu sha labari."

Ramlatu ta yi murmushi, ta zubo wa Ilu Sinanci rututu. Ilu ya gyara zaman hularsa.

"Af... 'yata, wannan na birni ne. Ni na kan dutse na iya."

"To, Kawu." Ta tura kwalin gaban mahaifinta. "Baba, ga tsarabarka, ka sa yau tunda taro ake."

Mai Unguwa ya buɗe. Takalmi ne sau ciki, baƙi wul, yana sheƙi. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, sai wani abu ya faɗo kan tabarma, tis! Fari, ɗan ƙarami, da rubutu a jiki.

Gambo ya kai hannu ƙeyarsa a hankali.

"Ikon Allah!" in ji Ilu, gumi na bin wuyansa. "Ranka ya daɗe, ka ga girmamawa? Har tsohon ya aiko maka da ƙari!"

Mai Unguwa ya naɗe ƙafar wando, ya kwance tsumma, ya ajiye nasa kusa da sabon. Kamar tagwaye.

"Ramlatu, karanta mana."

Ta ɗauka ta duba. Ta cije leɓe. "Baba, cewa aka yi kada a ci, a jefar. Ana sa shi ne cikin takalmi da jaka don kada su yi funfuna."

"Maganar danshin fa? Ita ma ƙarya ce?"

"A'a, wannan kam haka masu maganin gargajiyarsu suke cewa. Sai dai ban taɓa ganin an ɗaura wa mutum wannan ba."

Ladan ne ya fara fashewa, yana laluben ƙugunsa. Sai zaure ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu buga tabarma. Ilu ya nemi ƙofa da ido, mutane sun toshe ta.

Mai Unguwa bai yi dariya ba. Ya dubi Ilu sama da ƙasa.

"Sati uku, Ilu. Sati uku ina yawo a matsayin takalmi."

"Ranka ya daɗe, ai dai an samu sauƙi..."

Daidai nan aka ji yayyafi a kan kwano, tararam. Mai Unguwa ya tura farantin rawani gefe, ya tattara ƙullin nan biyu ya danƙa masa a hannu.

"Tashi, likita. Ga marasa lafiyarka can a ƙofa ruwa na dukansu. Kwaso su ƙafa-ƙafa, kada danshi ya kama su."