Akuyar da Aka Kawo Saboda Tumbina

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar da na ƙudurta rage tumbi a Dogon Dutsi, zamanin da kumandan Bafaranshe ke zaune a bariki. A lokacin ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami a bakin kasuwa, bayan la'asar kuma in karantar da manya. Aikin zama ne. Ga shi duk suna ko ɗaurin aure sai an kira malam addu'a, kuma ba a sallamar malam da yunwa.

A Arewa ƙiba ba aibi ba ce. Wanda ya yi teɓa, an san rumbunsa cike yake, matarsa kuma ta iya girki. Ni ma haka na ɗauke ta, har ranar da limaminmu, wanda tsufa ya fara kamawa, ya ce in riƙa jan salla idan bai fito ba. Sallar farko da na ja, na yi sujada lafiya, tashi ya gagara. Sai da na dafa bango, mamu suna jira a bayana (Allah ya saka musu, ba wanda ya ko yi tari). Na san in haka ta ci gaba, wani za a nema.

Sai na tsara wa kaina hanya. Furar rana da nono na bar ta. Tuwo kuwa loma kaɗan, sauran cikin in cike shi da kwaɗon zogale. Jakina na ɗaure shi ya huta, kullum da hantsi in kama hanyar ƙauyen Kiéché da ƙafa, in na gaji in juyo. Sharaɗin da na ɗauka ya fi duka hikima shi ne kada kowa ya sani. (Da na ce azumin nafila nake yi, da an ƙyale ni. Amma ba azumi ba ne, kuma ban so in jingina wa Allah abin da na yi don tumbina ba.)

A kan hanyar akwai wata babbar tsamiya, daidai inda numfashina ke ƙarewa. Nan nake zama da tsakar rana, ina haki, ina jan carbi a hankali. Na manta sam da abin da kowa ya sani a ƙasar, cewa tsamiyar nan, a faɗar mutane, mazaunin doguwa ce, iskar da ake cewa tana shan mutum har ya bushe. Mata masu itace sun gan ni, makiyaya ma sun gan ni.

Tsarin kuwa ya yi aiki. Riga ta fara yi mini yawa, wuya ya fito. Rabi matata ta sauya miya, ta ƙara man shanu, duk da haka ƙwarya na koma mata kusan cike. Wata rana ta ce, "Malam, ko hannuna ne ya lalace?" Na ce babu komai. Da wannan babu komai ta tafi wurin Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifina da ta goye ni, wadda 'yar bori ce tun kafin a haife ni. Mun daɗe da sulhu ni da ita: ina wa'azi a kan bori a masallaci, ita tana aiko mini da wake.

Ran wata kasuwa, ina dawowa daga tafiyata, na jiyo kiɗan goge a unguwarmu. Na ce a raina wani maƙwabci ya sake komawa gidan jiya, har na fara shirya abin da zan faɗa masa. Ashe ƙofar gidana ce. Ga mai goge da masu kiɗan ƙwarya, ga baƙar akuya ɗaure a turken jakina, ga jama'a har da ɗalibaina. Liman ma na gefe da sandarsa, an kira shi ya ga abin da ya sami na'ibinsa.

Gwaggo ta nuna mini tabarma. "Zauna nan, ɗana. Mi ka yi mata ta kama ka?"

"Wa, Gwaggo?"

"Ta tsamiya. Kullum kana gindinta kuna magana. Dubi wuyanka, kamar na zakaran da ruwa ya daka."

Abu biyu ya rage mini: in yi shiru a yi wa na'ibin liman bori a ƙofar gidansa, ko in faɗi gaskiya. Na sunkuyar da kai na ce, "Ba iska ba ce. Ni nake rage ci, don in rame."

Mai goge ya sauke gogensa.

"Da gangan?" in ji Gwaggo. "Ga hatsi a rumbu?"

"Da gangan."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ga mai goge. "Ci gaba da kiɗi. Wagga ta fi ta tsamiya ƙarfi."

Liman ne ya cece ni, bayan ya gama dariyarsa. Ya sallami makaɗa, ya ce a yanka akuyar da sunan Allah. Sannan ya ce mini a gaban kowa, "Da ka tambaye ni, da na nuna maka yadda ake dafa ƙasa a tashi. Da haka na tsufa a limanci."

Rabi ce ta dafa naman. Ita da Gwaggo suka zauna suna kallon bakina har na ga ƙasan akushi. Jan salla bai kuɓuce mini ba, sai dai har na bar garin in na yi jinkirin fitowa, wani cikin mamu yakan ce a duba tsamiya.

Abin da na koya kaɗan ne. Wanda zai rage tumbi a Arewa ya fara sanar da matarsa da gwaggonsa, sannan in ya gaji ya nemi inuwar wata bishiyar daban.