Yadda Za Ki Hana a Share Laƙabin Banza Daga Shafin Kasuwa

Ranar da labarin Nkandu ya same ni ina zaune a rumfata ta busasshen kifi a Lusaka, waya a hannu, ina saka kaya a shafin intanet ɗin da ita ta gina wa matan kasuwa. Ƙanina ya zo ya tsaya, ko gaisuwa babu, ya ce motar da ta hau zuwa Ndola ta kife, ba ta fita da rai ba. 'Yata ke nan, ita kaɗai. Tun daga lokacin na zama gwana a abu ɗaya tak, wato yi wa shafin nan maguɗi. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari ba mai share miki komai.

1. Ki san akwatin

In kin ɗauki hoton kayanki, akwai ɗan akwati a ƙasa inda ake rubuta laƙabi, 'yan kalmomin da mai saye zai nema ya same ki. A kaina Nkandu ta gwada shi. Ta ce a raba kalmomi da waƙafi, na ce ban san inda waƙafi yake kwana a wayar nan ba. Ta jero sunaye a zaɓa, na ce kifina ba ya ciki. "Mayo, ke ce jarrabawata a duniya," in ji ta. Mayo a yarenmu mama ke nan. Daga ƙarshe ta bar kowa ta rubuta abin da ta ga dama, ta kuma koya wa akwatin shisshigi. Kina danna harafin farko zai fito miki da laƙabin da aka taɓa rubutawa.

2. Ki haifi 'ya mai wayo

Wannan matakin da wuya, kuma tawa ba ta aruwa. Ina da hawan jini, ba na shan magani, in ta kira don ta tuna mini sai in ƙi ɗauka. Amma ta san kifina na garin Mpulungu ne, kullum da safe sai na danna M. Wata safiya na danna, sai ga shi a sama: "Mayo ki sha maganinki." Na kira ta na zage ta tas. Tana ta dariya, ta ce, "To, kin sha?"

3. Ki gane maƙiyinki

Nawa Lubasi ne, siririn yaron da ya gaji aikinta. Ya tara mu a kasuwa ya ce akwatin ya cika da shara. Gaskiyarsa, akwai wadda ta rubuta "mijinki ba zai gane ba" a kan gwanjo. Ya ce ƙarshen wata, duk laƙabin da masu amfani da shi ba su kai goma ba, shafin zai share shi da kansa. Nawa ni kaɗai ce.

Kada ki roƙe shi. In kin buɗe baki kuka zai riga magana fitowa, a gaban masu tumatir.

4. Ki tara abokan laifi

Ki fara da maƙwabciya. Tawa Bana Chileshe ce, wato maman Chileshe, mai albasa.

"Yanzu in rubuta wannan a kan albasata? Bana Nkandu, kanki ɗaya?"

"Albasarki da ba mai saye, me zai ƙara lalata ta?"

"Kawo wayar, tsohuwar banza."

Ta rubuta. Ta jawo mai gawayi, mai gawayi ta jawo mai atamfa da matan cocinsu. Duk wadda ta tambayi dalili, ki ce yana kawo ciniki. Mace ta gari tana ƙarya sau ɗaya a sati, ki kashe taki a nan.

5. Ki daina ɗaukar baƙuwar lamba

Wani zai kira ya tambaya ko kifin maganin hawan jini ne. Wata za ta ce ita ba uwar kowa ba ce, a daina yi mata rashin kunya a kan buhun gawayi. Ki ce waya ba ta ji.

6. In ya rage mutum ɗaya, ki yi shiru

Mun kai tara muka tsaya. Sauran matan sun ce ba ruwansu da haukata. Ranar ƙarshen wata ban iya cin tuwon nshima ba. Washegari na danna M, sai ga shi, yana nan. Bana Chileshe ta bincika ta gano na goman: wani sabon mai sayarwa, ba shi da kaya sai hoton kujerar ofis, da laƙabin a ƙasa. Na san kujerar. Ni na ɗinka wa Nkandu matashin da ke kanta.

Da Lubasi ya zo wucewa na ce, "Ɗana, nawa kujerar?"

Ya kalli ƙasa ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce, Mayo. Kin sha?"

Na cika masa leda da kifi. Yaron ya rame, ba wanda ya koya wa akwatinsa ya ce masa ya ci abinci.

Gargaɗi

In aka kore ki daga shafin, ban san ki ba. In albasarki ta ruɓe, dama ruɓaɓɓiya ce. Ni aji huɗu na yi a makaranta, kada a zo mini da ƙorafi da safe, ina da aiki. Nakan ɗauki hoton kifi, in danna M, in jira ta gama faɗa mini, sannan in ɗauko ruwa.