Yadda Na Liƙe Kakannina da Ƙaro

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da hantsin wata Laraba, daidai lokacin da inuwar rumbunmu ta janye daga bakin turmi (masu agogo sun ce ƙarfe tara ke nan, mu a wancan zamani inuwa muke kallo). A lokacin ne na tsoma gashin kaza a ƙoƙon ƙaro, na shafa shi a bayan takarda mafi daraja a gidanmu. Murmushi ma nake yi.

Shekaruna goma sha huɗu, a Gusau, a shekarun da ake ta maganar hanyar jirgin ƙasa na tafe. Ina hannun Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, tun da ya rasu. Ita ce kuma malamata, don tana karantar da 'yan mata da matan aure a tsakar gida. Ni ce ɗalibar da ba a jin muryarta. In baƙo ya yi sallama sai in shige bayan rumbu. Amma allona ya fi na kowa tsabta, layin rubutuna a miƙe, alƙalumana a jere bisa tsawonsu. Gwaggo takan ɗaga allona ta ce, "Ku dubi na ɗiyata." Ina sunkuyar da kai kamar ban ji daɗi ba, alhali a ciki kaina ya kusa fin ƙofar ɗaki faɗi.

Saboda wannan tsabta ne Gwaggo ta damƙa mini gafakar mahaifina, jakar fatar da yake ajiye takardunsa, in adana. Takardu ne warwatse a ciki, addu'o'i da magungunan ciwon ciki da na cizon kunama. Sai guda ɗaya da ta fi su duka: takardar sunaye. A gidanmu, duk ranar sunan jariri, liman yakan karanta sunayen kakanni daga sama har ƙasa, a yi musu addu'a, sannan a rubuta sunan sabon a ƙarshe. Kakanni bakwai ne a sama. Mahaifina ne ya sake kwafe ta da hannunsa lokacin da tsohuwar ta ruɓe, ba kuma wata a ko'ina. Sunayen ƙasa ina iya karanta su, don na san masu su. Na sama kuwa ya rubuta su ƙanana, ba wasali, kuma karatuna bai kai can ba tukuna.

Abin ya samo asali ne daga gidan akawun wani kantin Turawa, inda nake kai wa matarsa fura. Wata rana na tarar da ita da wani littafi a cinya. Ba na karatu ba ne. Ta bi shafi shafi ta liƙa abubuwa: tambarin da ake mannawa a kan turmin atamfa, kan sarki daga wasiƙun 'yan uwanta, busasshen fure, har da guntun zanen aurenta. Na tsaya da ƙwarya a hannu har furar ta fara tsinkewa. Mu littattafanmu ba a ɗinke su, takardu ne a jere cikin fata, iska in ta taso kowa sai ya bi nasa da gudu. Wannan kuwa komai ya zauna inda aka ajiye shi. Ta lura da ni, ta ba ni tambari huɗu, ta ce in ina so in fara nawa.

Wata biyu na yi ina shiri, kuma ina roƙon mai karatu ya lura da irin shirin, don shi ne ya fi yi mini ciwo.

Takarda na fara nema. Na kaɗa zare na kai kasuwa na yi musaya da takarda mai kauri, irin wadda in ka ɗaga ta a rana za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a ciki. Sai da na ɗaga kowace ɗaya na duba, har mai takardar ya ce, "Yarinya, saye kike ko duban wata?" Almakashi na ara wurin wani maɗinki, na wanke shi da toka. Bango kuma na je wurin wani baduku, Malam Ɗanjuma, na tsaya a bakin rumfarsa kusan rabin yini kafin in iya buɗe baki. Shi ya ɗinke mini takardun wuri ɗaya, ya sa musu jar fata.

Sai abin liƙi. Malam Ɗanjuma ya ce kada in kuskura in yi da kunun gari, gara da kyankyasai za su yi walima a kai. Ya ce farin ƙaro zan nema, wanda ba ƙasa a jikinsa, in jiƙa shi kwana biyu, in tace. "In kinka liƙa," in ji shi, "ki danne da abu mai nauyi. Kwana uku kada ki buɗe, in ba haka ba takarda ta yi tamoji kamar fuskata." Na riƙe maganar nan kamar hadda. Ƙaron ma ba na kasuwa na yarda da shi ba. Baffa Sale, ƙanen mahaifina da ke noma a Bungudu, shi ya kawo mini a ƙullin ganye, yana tsammanin tawada zan haɗa. Ban gyara masa zato ba.

Na tace ƙaron sau biyu da farin ƙyalle. Na gwada shi a kan guntayen takardu uku da Gwaggo ta yi rubutu ta yar. Rubutun bai motsa ba. Na gwada da kauri, na gwada da ruwa-ruwa, na zaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi shimfiɗuwa (ku ji fa, har dalili gare ni). Na liƙa tambarina: giwa, jirgin ruwa, zakara, wata Baturiya da laima. Na liƙa guntun rawanin mahaifina. Bayan kwana uku na buɗe, komai lafiya, sumul. Duk wannan a bayan rumbu nake yinsa, in Gwaggo ta shiga barcin rana ko ta fita gaisuwa. So nake sai ya kammala in ajiye mata a gaba, in sunkuyar da kai, in ji me za ta ce.

Ana nan sai manzo ya zo daga Tsafe: matar Yaya Umaru, wana, ta haifi ɗa namiji, suna ranar Asabar. Rabon da a karanta takardar sunaye tun nawa sunan. Gwaggo ta ce, "Ki fiddo takardar ubanki ki naɗe ta da kyau, gobe da asuba za mu kama hanya."

Na fiddo ta. Na ga gefenta ya fara cinyewa, tsakiyarta ta yi laushi wurin ninki. Sai zuciyata ta ce: wa zai ceci wannan takarda in ba ke ba? Na ƙirga da yatsu, Laraba zuwa Asabar kwana uku cif. Na ga kamar Allah ne ya tsara mini. Shi ne na tsoma gashin kazar nan. Na shafa sau ɗaya, na ga takardar ta shanye, na ƙara. Na kwantar da ita a shafin tsakiya, na rufe, na sa littafin tsakanin alluna biyu na ɗaure da igiya tamau, na ɗora dutsen niƙa a kai har asuba.

Kwana biyu muna hanya a kan jakuna, ni da Gwaggo da Baffa Sale. Ƙullin littafin yana kan cinyata. Sau biyu Gwaggo ta tambaye ni abin da ya sa takarda ɗaya ta yi nauyi haka, na ce na kare ta ne da alluna. Ta ce, "Madalla da ɗiyata." Sau da yawa hannuna ya kai kan igiyar, in tuna kwana uku ba su cika ba, in janye.

Ranar Asabar da sassafe maza suka cika zauren Yaya Umaru har waje. An raba goro, rago na ɗaure. Baffa ya leƙo cikin gida ya ce a kawo takarda. Da na ba wani ya miƙa, da abin ya zo da sauƙi. Amma ni, wadda ke ɓuya in an yi sallama, ranar nan da ƙafata na taka har bakin zaure, na durƙusa, na kwance igiya, na miƙa wa liman jan littafina da hannu biyu.

Liman ya juya shi gaba da baya. Ya buɗe shafin farko, giwa ta dube shi. Ya buɗe na biyu, jirgin ruwa. Da ya kai kan Baturiya mai laima sai wanzamin da ke zaune kusa da shi ya miƙo wuya ya ce, "Malam Sale, ashe da ita cikin kakanninku? Ba ku taɓa faɗi ba."

Aka yi dariya. Ban damu sosai ba, na san abin da ke tafe zai rufe bakin kowa. Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Tana tsakiya, Malam."

Tsakiyar ta ƙi buɗuwa. Shafuka uku sun zama ɗaya, sun yi tauri kamar ƙwarya. Liman ya sa farce, ya hura iska, ya kasa. Wanzami ya ba shi aska. Zauren ya yi tsit, ana jin askar tana bi a hankali. Da ta rabu, rabin fuskar takardar ya tafi da shafin da ke kallonta. Abin da ya rage kuwa ba rubutu ba ne. Baƙin dabbare ne, ya bazu daga sama zuwa tsakiya kamar an kifar da kurtun tawada an taka. Can ƙasa, inda ƙaron bai kai sosai ba, sunaye biyu suka tsira: na Yaya Umaru da nawa.

Liman ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wa ya yi wanga aiki?"

Ina durƙushe a gabansu da igiya a hannu.

"Ke kin karanta ta kafin ki shafe ta?" in ji Baffa. Bai ɗaga murya ba. "Faɗo su. Daga sama."

Na buɗe baki. Ko sunan mahaifina bai fito ba.

Baffa ya juya ga liman ya fara jero su da ka: ubansu, kakansu, uban kakan, da wani Malam Bawa da ya ce shi ne na huɗu. Daga nan ya tsaya. Ya ce akwai wani Usmanu, ko Isiyaku, bai tabbata wane ne a sama ba. Aka aika cikin gida a tambayi Gwaggo, ta ce mata ba sa zama zaure ranar suna, a bayan katanga take jin abin da iska ta kawo. Wani tsoho ya ce shi dai ya san na farkon daga yamma ya zo da shanu. Baffa ya ce, "Don kada a riƙe su da ka anka rubuta su."

Aka kawo sabuwar takarda. Liman ya rubuta huɗu, ya bar fili a sama ko Allah zai sa wani ya tuna, ya sa sunan jariri a ƙasa. Da aka zo addu'a ya ce, "Da waɗanda sunka gabace su, Allah ya san sunansu." Aka shafa. Filin nan har yau yana nan fari. Takardar tana wurin jikokin Yaya Umaru, kuma ba a taɓa ba ni ita in riƙe ba, ko na ɗan lokaci.

Ba wanda ya dake ni, kuma da an dake ni da na fi samun sauƙi. A cikin gida mata suka yi ta cin tuwon suna suna kallona ta gefen ido. Wata ta ce wa 'yarta, "Je ki wanke hannu, amma kada ki bari mai ƙaro ta taimake ki." Sunan ya bi ni har Gusau, har gidan aurena. Akwai waɗanda suka mutu ba su san sunana na yanka ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ban san inda na kuskure ba. Na tace. Na gwada sau uku. Na cika kwana uku. A hanyar dawowa na tambayi Gwaggo, ta ce wa jakinta ya yi sauri. Na tambayi Baffa a mararrabar da zai wuce Bungudu, ya ce in gaida gida. Na koma wurin Malam Ɗanjuma, ya ce shi fata ya sani. Na gane dai, a makare, cewa duk tambayoyin da na iya yi wa mutanen kasuwa, ban yi ko ɗaya a cikin gidanmu ba, don a gida yabo nake jira.

Sai bayan kusan wata guda, da la'asar, muna wanke alluna a bakin rijiya ni da Gwaggo, na sake cewa, "Gwaggo, don Allah. A kan rubutunki na gwada, bai yi komai ba."

Ta ci gaba da cuɗa allon da ke hannunta.

"Nawa rubutun da tawadar gabaruwa ne," ta ce. "Ita in ta kama takarda ta kama ke nan. Ubanki bai taɓa haƙurin jiran ta nuna ba. Da tawadar allo yake rubuta komai, wagga da kike wankewa da ruwa kullum safe da yamma. Ɗaki ɗaya muke kwana da ke, da kin tambaya da na faɗa miki." Ta jingine allon a jikin katanga, ta ɗauki wani. "Shekara ashirin takardar nan na cikin gafaka, ba mai kula da ita, ba abin da ya same ta. Sai da kinka kula da ita."